Ɗakunan Baƙin Alhaji Kalla

Malam Sa'idu Kalla yana koya wa ɗaliban jami'a yadda ake jan ragamar kamfani, alhali shi kansa bai taɓa mallakar ko teburin sayar da ashana ba. Wannan ba wani sirri ba ne, da bakinsa yake faɗa idan gajiya ta kai masa iya wuya. Shekarunsa hamsin da ɗaya, goma sha tara daga ciki a gaban allo ya ƙare su, a makarantun kuɗi na birnin Wagadugu, inda ake ce wa irinsa bakater: malamin da ake ɗauka da awa, a sallame shi da awa, ba ofis, ba kujera mai sunansa, ba mai tambayar ina yake ranar da bai zo ba sai mai gadi. Makarantu uku yake zagawa a kan tsohon babur, wanda a nan ake ce wa moto, ɗaya a unguwar Gounghin, biyu can cikin gari, kuma a kowacce darasi ɗaya yake maimaitawa, har ya kai bakinsa yana iya yin darasin shi kaɗai, shi kuma yana can yana tunanin tayar baya da ta fara sulɓi.

Darasin suna gare shi mai tsawo a Faransanci, politique générale et stratégie d'entreprise. Wata rana da mahaifinsa ya tambaye shi ainihin abin da yake koyarwa, sai ya ce yana nuna wa yara yadda mai babban kasuwanci zai hango gaba, ya gane inda zamani ya dosa, ya canza hanya tun kafin a canza masa. Tsohon ya ce a zamaninsu a bakin rumfa ake koyon wannan, kuma ba a biyan kuɗin makaranta. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Kullum da safe Sa'idu yakan fito daga unguwarsu ta Zongo ya bi ta gefen ramin dutse na Pissy, inda hayaƙin tayoyin da ake ƙonawa don dutse ya tsage yake tashi tun asuba, mata kuma suna zaune ƙarƙashin 'yan rumfunan tsumma suna fasa tsakuwa da guntun ƙarfe. Shekarun farko tausayinsu yake ji. Daga baya, Allah ya yafe masa, ya fara jin wani abu mai kama da hassada, domin ko ba komai mai fasa dutse tana ganin tarin abin da ta fasa idan yamma ta yi. Shi kuwa sai ya wuni yana zuba magana a aji mai mutum ɗari da ashirin, ya fito hannu rabbana.

Irin wannan darasi ba ya yiwuwa sai da labari. Malam zai kawo tarihin wani kamfani, yadda ya tashi da inda ya yi tuntuɓe, sannan ya tambayi ɗalibai, da su ne shugabanni me za su yi. Littattafan da Sa'idu ya gada cike suke da kamfanonin Turai masu yin madarar gwangwani da jiragen sama, kuma 'ya'yan Wagadugu, ga zafin watan Afrilu ga fanka ɗaya mai kuka, barcinsu suke sha a kan jiragen nan hankali kwance. Shekara goma da suka wuce sai ya zauna ya rubuta nasa labarin, shafi huɗu, ya sa masa suna Le cas de Monsieur K., wato labarin Malam K. Ranar da ya fara karanta shi ko mutum ɗaya bai yi gyangyaɗi ba. Tun daga nan takardar ta zama jarinsa. Masu fotokofi na bakin makarantu suna da ita a ajiye, wasu malamai sun ara ba su ce sun gode ba, tsofaffin ɗalibai kuwa idan sun gamu da shi a banki ko a gidan mai sukan manta sunansa, amma ba sa manta tambayarsa lafiyar Monsieur K.

Monsieur K. yana nan lafiya lau. A zauren gidansu yake zaune a kan buzu, shekara tamanin da takwas, ido ya yi rauni amma kunne garau. Sunansa Alhaji Kalla, kuma shi ne ya haifi Sa'idu. Bai san an sa shi a takarda ba, kuma duk abin da Sa'idu yake roƙon Allah game da takardar nan shi ne tsohon ya gama kwanakinsa bai sani ba.

Alhaji Kalla mai masauki ne, sana'ar da yanzu sai an zaunar da yaro an yi masa bayaninta. A tsohuwar unguwar Hausawa ta tsakiyar gari, daura da Kamsaoghin, yake da gida, kamar yadda ubansa ya yi kafinsa. Ɗan kasuwa zai taso daga Kano da dilolin shadda da atamfa da turare, bai san kowa ba, ba ya jin yaren Mosi, ba ya jin Faransanci, sai ya sauka gidan Kalla. A tarbe shi da zom-kom, ruwan garin gero da tsamiya da citta da ake fara ba baƙo a wannan ƙasa, a ba shi ɗaki, a adana masa kaya, a nemo masa masu saye, a tsaya masa idan rigima ta tashi. Ba a karɓar kuɗin ɗaki balle na tuwo, 'yar la'adar da ta fito daga ciniki ita ce ta maigida. Ƙa'idar kuwa guda ce, kuma ba a rubuce take ba: wanda ya sauka gidanka sau ɗaya, shi da ɗansa da jikansa suna da ɗaki a wurinka duk ranar da suka zo, ko sun aiko ko ba su aiko ba.

A shekarar 2003 aka rushe unguwar don a sake gina tsakiyar gari, aka ba masu gidaje diyya. Sa'idu a lokacin jininsa na tafasa, sabuwar takardar digiri a hannu, ya zauna gaban ubansa ya zana masa hanya tiryan-tiryan. A kama shaguna biyu kusa da babbar kasuwa, a riƙa ɗauko atamfa daga Lome kai tsaye, domin zamanin fatake masu kwana a gidan mutane ya kusa ƙarewa. Alhaji Kalla ya saurare shi har ƙarshe, ya sa masa albarka, sannan ya tafi can bayan Pissy, inda a lokacin ko fitila babu, ya sayi fili mai faɗi a Zongo. Ya gina wa iyalinsa ɗakuna uku, ya gina wa baƙi huɗu, kuma na baƙin aka fara yi wa rufi.

Baƙi sun biyo shi na wasu shekaru. Daga nan waya ta shiga aljihun kowa. Ɗan Kano ya gane zai iya aiko da kaya a mota ya yi cinikinsa da baki yana zaune a rumfarsa, wanda ya zo da kansa kuma ya fi son ɗakin otal kusa da tasha a kan ya keta gari zuwa Zongo. Daga baya hanyar ma ta zama wadda mutum ba ya hawa sai dole saboda rashin tsaro. Baƙo na ƙarshe ya kwana a gidan shekara goma sha ɗaya ke nan. Amma kowace Juma'a bayan sallar asuba Alhaji Kalla yakan ɗauko makullai huɗu da ke ɗaure da igiyar fata, ya buɗe ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ya share su da hannunsa, ya kaɗe tabarmi, ya canza ruwan randa, ya rufe. Ba ya yarda kowa ya karɓar masa tsintsiyar. Da idonsa ya raunana sai ya koma sharar da lalube, kuma ba wanda zai ce ya ga bambanci.

Sa'idu kuwa, da matarsa Zalissa da 'yan matansu uku, a ɗakuna biyu suke cunkushe, suna kallon ƙofofi huɗu a kulle a tsakar gida ɗaya. Ya yi magana har bakinsa ya gaji. A sa 'yan haya, ko a ba 'yan matan ɗaki guda su miƙe ƙafa. Amsar tsohon ba ta taɓa canzawa ba: idan baƙo ya zo fa? Bayan irin wannan magana ce wata rana Sa'idu ya ɗauki biro cikin fushi ya rubuta shafuka huɗun nan. Da Faransanci ya rubuta, kuma a nan ne hankalinsa ya kwanta, domin Faransanci a wurinsa ɗaki ne da ubansa ba ya shiga. Tsohon yana karanta Larabci, yana karanta ajami, amma boko sai dai ya juya takardar sama da ƙasa ya miƙo maka. Sa'idu ya mayar da sunan harafi ɗaya, ya ga ya isa. Ɗakuna huɗu, sharar Juma'a, igiyar fata, duk ya bar su yadda suke, saboda su ne gishirin labarin. Akwai wani layi a shafi na uku da ke cewa Monsieur K. ya ɗauki karamci a matsayin sana'a, yana nan yana share ɗakuna don abokan cinikin da suka daɗe da yashe shi. Kowace shekara a daidai nan aji yake fashewa da dariya, shi kuma ya saba ya ɗan tsaya ya ba su wuri su gama.

Kada a ce ba ya son ubansa. Yana son sa, shi yake kai shi asibitin ido, shi yake yanke masa farce. Amma yana jin haushinsa kamar yadda ake jin haushin wanda ya ƙi maganarka kuma maganar ta tabbata, har abin ya zama ba ka da wurin kai ƙara sai gaban yara.

A watan Maris na bana ya ba 'yan aji uku na makarantar Gounghin jarrabawa a kan Monsieur K., da tambayar da ya saba: me ya kamata mutumin nan ya yi? A wani kiyos, ɗan shagon shayi na bakin titi, yake gyaran takardu tsakanin darasi da darasi, kofi a gefe, jan biro a hannu. Amsoshin duk ɗaya ne, kamar an buga su a injin guda. Ya sayi shaguna, ya sa 'yan haya, ya bi zamani. Sa'idu yana ba da goma sha biyu, goma sha uku bisa ashirin, idonsa rabi a rufe, sai ya zo kan wata takarda mai rubutu ƙanana, sunan mai ita Adawiyya Iro. Ita cewa ta yi labarin bai cika ba, domin ya ƙirga ɗakunan da babu kowa amma bai ƙirga shagunan da suka fito daga cikinsu ba, kuma a Gounghin kaɗai ta san 'yan kasuwa shida da suka fara daga tabarmar mutumin nan. A ƙarshe ta ƙara layi guda, wai a ɗaki na biyu, mai tagar da ke kallon bishiyar mangwaro, aka haife ta.

Sa'idu ya sake karanta layin, domin babu taga a takardarsa, babu mangwaro. Nan take ya tuna Iro, wani siririn saurayi ɗan Kano da ya sauka gidansu da amaryarsa Shatu shekarar da aka tare a Zongo, ya tuna jaririyar da marigayiya mahaifiyarsa ta yi wa wankan farko, da ragon suna da aka yanka a gindin mangwaron lokacin bai wuce tsawon mutum ba. Yarinyar ta yi wata biyar tana zaune a gabansa bai gane ta ba, don ya daɗe da daina kallon fuskokin ɗalibai.

Abin da ya kamata ya yi a bayyane yake. Ya kira ta gefe, ya ce mata 'yata, kin gane, to ki rufa mini asiri. Amma saura minti goma sha biyu ya shiga wani aji, ga takardu tamanin a gabansa, ga kunyar wanda aka kama tana ci masa rai har ta zama fushi. Sai ya ba ta shida bisa ashirin, ya rubuta mata a sama cewa ta bar tambaya ta kama wata hanya. A lissafinsa, ɗalibin da ya ci shida ninke takardarsa yake yi ya tura ƙasan jaka, ba mai sake jin labarinta. Wannan shi ne hangen nesan mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana koyar da hangen nesa.

Adawiyya ba ta taɓa cin ƙasa da goma sha biyu ba tun da ta shiga makaranta, kuma ubanta Alhaji Iro, wanda yanzu yake da shagunan shadda biyu a Gounghin da tumbin da ya dace da su, ba ya barin takarda ta wuce shi. Ba ya jin Faransanci, amma yana gane lamba. Da ya ga shida sai ya ce ta zauna ta karanta masa abin da aka tambaye ta da Hausa, daga farko. Ba ta kai ƙarshen shafi na uku ba ya ce ta tsaya haka nan.

Ranar Asabar bayan la'asar Sa'idu ya dawo gida ya tarar da mota a ƙofa, takalma a bakin zaure. Da ya leƙa sai ya ga Alhaji Iro durƙushe a gaban tsohon, hula a hannu, ido ya yi ja. Ba ƙara ya kawo ba, da ma ƙarar ce da sauƙi. Gafara ya zo nema. Ya ce ya ji an rubuta, har ana koyarwa a jami'a, cewa baƙin gidan nan sun yashe maigidansu, kuma wallahi ba a yi ƙarya ba, tunda shi da ke Gounghin, tafiyar minti ashirin, sai sallah zuwa sallah yake zuwa gaisuwa. Adawiyya tana zaune a bakin ƙofa, kai a sunkuye, shafuka huɗun a kan cinyarta, ta riga ta karanta wa tsohon su. Da ta ga Sa'idu sai ta ce a hankali, da sunan da ɗalibai suke kiran malami a nan, "Mushe, wallahi je ne voulais pas, ba da son raina ba ne, Baba ne ya ce in karanta mishi."

Alhaji Kalla bai nuna komai ba. Ya sa Zalissa ta dama zom-kom aka kawo wa baƙi, ya ce wa Iro babu abin yafewa tsakanin uba da ɗa, ya tsokane shi a kan tumbinsa da ya ce ko da ido rufe yana jin yadda ya cika zaure, ya tambayi lafiyar Shatu. Ya sa yarinyar ta matso ya dafa kanta. Da za su tafi ya ce ta bar masa takardar, ya raka su har bakin mota yana dafa bango. Sai da ƙarar motar ta ɓace sannan ya koma kan buzunsa.

"Sa'idu, zamna," ya ce. "Karanta mini wagga takarda da bakinka, da Hausa. Kada ka tsallake komi."

Sa'idu ya karanta labarin nan sau ɗari ko fiye, amma bai taɓa jin sa da Hausa ba sai ranar. Kalmomin da suke da kwarjinin ilimi a Faransanci, da ya juya su sai suka zama maganar da ɗan halak ba ya faɗa wa ubansa. Wai Monsieur K. ya kasa. Bai gane ba. Ya maƙale wa abin da ya mutu. Sau biyu ya nemi ya sassauta, sau biyu tsohon ya ce yarinyar ba haka ta faɗa ba, ya koma ya gyara. Wuri ɗaya kawai Alhaji Kalla ya yi gardama, inda aka ce ya gaji sana'ar daga ubansa. Ya ce daga kakansa ne, a gyara. Da Sa'idu ya zo kan layin shara ya karanta shi da murya ƙasa-ƙasa, sannan bakinsa ya yi abin da ya saba yi shekara goma ba tare da ya shawarce shi ba. Ya ɗan tsaya.

"Nan ne su kan yi dariya?" in ji tsohon.

Sannan ya ƙara da cewa:

"Na ji ka tsaya. Wanda ya saba a yi mishi dariya ne ke tsayawa nan. Ci gaba."

Ya ci gaba har ƙarshe, har da tambayar da ke ƙasan shafi na huɗu. Yatsun tsohon suna kan carbi amma ba ya ja. Can ya tambaya mutum nawa suka ji wannan labari. Sa'idu ya ce za su kai dubu uku.

"Dubu ukku," in ji Alhaji Kalla. "Ka shigo mini da baƙi dubu ukku cikin gida, sunka leƙa ɗakunana, sunka fita, ko zom-kom ban ba ɗaya ba."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma rashin faɗan ne ya fi ciwo. Sa'idu ya so a zage shi, a ɗaga masa sanda kamar yana ɗan shekara goma, ko ya samu abin riƙewa. Maimakon haka tsohon ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ko ya yarda da abin da ya rubuta. A nan ma akwai ƙaryar da ɗa zai iya yi a ba shi lada, amma Sa'idu ya gaji, kuma bai taɓa iya yi wa mutumin nan ƙarya ido da ido ba, sai dai a bayan idonsa da wani harshe. Ya ce, "Baba, baƙi ba za su dawo ba."

"Na daɗe da sani," in ji tsohon. "Ni dai ina shara ne in ce ban rufe ƙofar kakana ba. Ban san abin dariya nike ba. To, kai ne ka yi karatun."

Aka kira magariba, ya nemi butarsa.

Kwanakin da suka biyo baya Sa'idu ya yi abin da mai laifi yake yi bayan aikin gama ya gama. Ya mayar da shidan Adawiyya goma sha biyar, ta karɓa ta ce ta gode ba ta ɗago kai ba. Ya bi masu fotokofi biyu ya ce su daina sayar da takardar, suka ce to, alhali shi da su duk sun san ta riga ta shiga wayoyin yara. Ya durƙusa gaban ubansa ya nemi gafara, tsohon ya ce Allah shi yi mishi albarka, da irin muryar da ya sa masa albarka a shekarar da aka rushe unguwa, kafin ya je ya yi abin da ya ga dama. Wannan albarka ta hana Sa'idu sakewa, don ya san ba ta zuwa ita kaɗai.

Ranar Juma'a ya dawo daga sallar asuba ya kwanta a kan tabarma, kunnensa a tsakar gida. Shekara ashirin ƙarar tsintsiyar nan tana hana shi ɗan barcin safe, ya sha yin tsaki a kanta a ƙarƙashin mayafi. Yau ya jira ta kamar yadda ake jiran numfashin mara lafiya. Ya ji zakaran maƙwabta, ya ji Zalissa tana hura wuta, ya ji amalanken masu ruwa suna wucewa. Har rana ta fito bai ji an taɓa ƙofa ko ɗaya ba.

Da ya fito zai tafi aiki sai ya ga makullan a kan sirdin motonsa, huɗu cif, igiyar fatar ta yi baƙi ta yi sheƙi saboda shekarun hannu. Zalissa, wadda ta fi shekara goma tana mafarkin ɗakunan nan, ta dube su, ta dubi mijinta, ta koma madafa. Ya ɗauke su ya shiga zaure. Tsohon yana zaune inda ya saba, sai dai hannuwansa biyu suna kan gwiwa ba abin yi.

"Ka ba 'yan matan na biyu, ya fi iska," ya ce. "Sauran ka sa 'yan haya, yadda ka ce."

"Baba, a bar su yadda suke. Ni zan riƙa sharewa."

"Kai za ka share don ka ji tausayina. Ni ba don haka nike sharewa ba. Tafi, za ka makara."

Sa'idu ya ajiye makullan a gefen buzu, tsohon ya laluba ya ɗauka ya miƙo masa, hannun a tsaye a iska, har Sa'idu ya ga barin sa haka ya fi karɓa muni. Ya karɓa ya sa a aljihu. Maganar da ya yi shekara ashirin yana nema a ba shi gaskiya a kanta, ga shi an ba shi, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na safiyar nan ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarsa yana da wanda zai jingina da shi.

Ƙarfe goma yana da aji a ɗaya daga makarantun cikin gari. A hanya ya ƙudura ba zai sake taɓa Monsieur K. ba, zai koma kan madarar gwangwani da jiragen sama, su yi barcin idan sun so. Amma da ya shiga ya tarar da takardar a gaban kowa, domin shi da kansa ya ce su karanto ta tun mako biyu da suka wuce, kuma bai shirya wani abu ba. Mutum ɗari da goma suna kallonsa, fanka tana kuka. Ya ce a ransa wannan ne na ƙarshe, ya fara. Da ya zo shafi na uku ya wuce layin da sauri bai tsaya ba, amma suka yi dariyarsu, don yayyensu sun riga sun gaya musu inda ake yin ta.

Ya kai ƙasan shafi na huɗu ya karanta tambayar. Hannuwa suka tashi. Ya nuna wani ɗalibi a layin gaba, mai farar riga da agogo, wanda ya miƙe ya ce amsar a fili take, Monsieur K. ya daina yaudarar kansa, ya miƙa makullan ga wanda ya san zamani, a sa 'yan haya.

Sa'idu ya ce daidai ne. Ya juya ga allo zai rubuta amsar kamar yadda ya saba, makullan suka motsa a aljihunsa suka bugi cinyarsa. Ya tsaya riƙe da alli, bayansa ga aji, ya daɗe a haka, har wata ɗaliba ta tambaya a hankali ko Mushe ba shi da lafiya ne. Ya ce lafiyarsa lau. Ya ce su rubuta a ƙasan takardarsu cewa Monsieur K. ya bi shawararsu yau da safe.

Wani daga baya ya tambaya, to yaya aka ƙare, ya ci riba?

Sa'idu ya ajiye allin. Ya ce Monsieur K. yana nan zaune a zaure, bai san abin da zai yi da hannuwansa ba.